"Ba ta yi a wayata": matsalar da ke cin ran masu haɗa manhaja a Bauchi

Duk matashin da ya taɓa haɗa manhajar waya ya sake ta ga jama'a ya san wannan saƙon. Yakan shigo ta WhatsApp, galibi da murya: "Malam, abin nan naka fa ba ya yi a wayata." Babu ƙarin bayani. Mai manhaja ya buɗe ta a tasa wayar, ta buɗe lafiya lau. Ya miƙa wa abokinsa, nan ma ta yi. Mai ƙorafi bai yi ƙarya ba, mai manhaja ma bai yi ba. Abin da ya shiga tsakaninsu shi ne rarrabuwar wayoyi. Duk Android muke kiransu, amma a ciki sun sha bamban ta fuskar sigar tsarin da ke tafiyar da wayar, da ƙarfin kayan ciki, da girman fuska, da irin gyare-gyaren da kowane kamfani ya yi wa tasa.

Girman abin ya wuce yadda ake zato. A 2012 wani kamfani mai suna OpenSignal ya ƙirga ire-iren wayoyin Android da suka sauke manhajarsa, ya samu kusan 4,000. Da ya sake ƙirgawa a 2015, sun haura 24,000, daga kamfanoni sama da 1,000. Tun daga lokacin ba a daina ƙera sababbi ba, tsofaffin kuma ba su bar hannun mutane ba.

Tushen lamarin yana cikin yadda aka gina Android tun farko. Google ya saye shi a 2005, wayar farko mai ɗauke da shi ta fito a 2008, kuma aka bar ƙofarsa a buɗe: kowane kamfani na iya ɗauka, ya gyara yadda ya ga dama, ya ɗora a wayarsa. Apple bai bi wannan hanya ba. Shi ke ƙera iPhone, shi ke rubuta tsarin da ke cikinta, 'yan ƙalilan yake fitarwa a shekara, kuma ranar da ya saki sabuwar siga duk wayoyin da suka cancanta suna samunta. Shi ya sa masu haɗa manhaja a Turai da Amurka suka daɗe suna kallon rarrabuwar Android a matsayin aibi tsantsa. Ni ban yarda a tsaya a nan ba. Wannan buɗaɗɗiyar ƙofar ce ta ba kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin damar fito da Tecno da Infinix da itel a farashin da ɗan acaɓa da mai shayi da malamar firamare za su iya. Da a ce waya iri ɗaya ce a duniya, da aikin mai manhaja ya yi sauƙi ƙwarai, amma da mafi yawan masu hada-hada a kasuwar Wunti da ta Muda Lawal ba su riƙe babbar waya ba, da kuma babu wanda za a haɗa wa manhajar ma.

Wanda ke son ganin abin da ido ya tsaya wajen mai cajin waya a tasha ko a bakin kasuwa, ya dubi abin da ke jere a kan katakonsa. Ga itel mai fasasshen gilashi, ga Tecno da aka ɗaure bayanta da roba saboda batirin ya kumbura, ga Infinix sabuwa fil da ledarta, ga Redmi, ga tsohuwar Samsung, ga iPhone ta hannu da ta yi shekaru a wata ƙasa kafin ta iso nan, ga ƙananan wayoyi masu tocila da ba su san wata manhaja ba. A wajenmu waya ba ta mutuwa da wuri. Babban wa ya gama da ita ya ba ƙane, ƙane ya kai ta wajen mai gyara a canza fuska, daga nan ta tafi ƙauye wajen inna. Kamfanin da ya ƙera ta ya manta da ita tuntuni, amma tana aiki, kuma mai ita yana sa ran duk manhajar da aka ce masa ya sauke za ta yi.

A ɗauka wani ɗalibi a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko a Yelwa ko a Gubi, ya zauna ya haɗa manhajar lokutan sallah don mutanen Bauchi da Azare da Misau da Ningi. Lissafin lokutan ba shi ne wahala ba, wannan an daɗe da warware shi. Aikin manhajar ɗaya ne: idan lokacin asuba ya yi, waya ta yi kira, ko da tana ajiye a gefen katifa tun bayan isha'i. A nan ne zai gane cewa Android ba ɗaya ba ne.

A tsofaffin sigogi abin da sauƙi, manhaja na zaune a bayan fage tana jiran lokaci. Daga Android 6, wanda ya fito a 2015, Google ya shigo da wani tsarin tattalin batir: idan an ajiye waya, fuskarta a kashe, ba a kan caji ba, sai ta shiga barci mai nauyi ta jinkirta ayyukan manhajoji. Android 8 a 2017 ya ƙara tsaurara abin da manhaja za ta iya yi idan ba a buɗe take ba. Android 12 a 2021 ya ware izini na musamman ga manhajar da ke son ta tashi a daidai minti. Android 13 a 2022 ya ce ko sanarwa ma manhaja ba za ta nuna ba sai mai waya ya amince, Android 14 kuma ya daina ba yawancin sababbin manhajoji wancan izinin na daidai minti kai tsaye, sai mai waya ya shiga ya kunna. Kowane mataki yana da hujjarsa, domin manhajoji marasa kan gado sun daɗe suna shanye batirin mutane suna damunsu da sanarwa. Amma ga ɗalibinmu, ma'anarsa ita ce aiki ɗaya zai rubuta masa hanyoyi da yawa, kowace siga da tata, kuma dole manhajar ta fara tambayar waya ko wace ce ita kafin ta san hanyar da za ta bi.

Ya gama wannan duka, ya bi ƙa'idar Google sau da ƙafa, sai kuma ya ci karo da bango na biyu, wanda ya fi na farko tauri. Kusan babu kamfanin da ke sayar da Android yadda ya fito daga Google. Tecno na da HiOS, Infinix na da XOS, Samsung na da One UI, Xiaomi ya yi shekaru da MIUI kafin HyperOS, Oppo na da ColorOS. Ba launi da hotuna kawai suke canzawa ba. Da yawansu suna ƙara nasu tsarin tattalin batir a kan na Google, wanda ke kashe manhajojin da ke bayan fage ba tare da sanarwa ba, ko ya hana su tashi da kansu bayan an kashe waya an kunna. Dalilinsu a fili yake. A garin da wuta ba ta da tabbas, batirin da ke kwana biyu shi ke sayar da waya, kuma mai saye ya fi lura da wannan fiye da komai. Manyan manhajoji irin su WhatsApp sukan samu sassauci, domin ba kamfanin da zai yarda a ce saƙo ba ya shiga wayarsa. Ƙaramar manhajar ɗan Bauchi ba ta da wannan gata. Sai dattijo ya makara sallar asuba, ya aiko da murya: "Ɗana, yau ma shiru na ji." Maganin yana nan, amma a ɓoye yake can cikin saitin waya, kuma sunan wurin da hanyar zuwa gare shi sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wani lokaci ma daga wannan ƙirar zuwa waccan a kamfani ɗaya. Mai manhaja ya koma malamin saiti, yana ɗaukar hoton fuska yana zana kibiya, yana bayani da murya ga mutumin da bai taɓa shiga wannan wurin ba.

Mutum zai ce, to me zai hana kowa ya sabunta wayarsa a huta? Ba a hannun mai waya abin yake ba. Idan Google ya saki sabuwar siga, sai kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar wayar, wato MediaTek ko Unisoc ko Qualcomm, ya daidaita ta da kayansa. Daga nan mai ƙera wayar ya ɗora nasa gyaran, ya gwada a kan kowace ƙira, sannan ya tura. Kowane mataki kuɗi ne da ma'aikata. Wayar da ribarta ba ta taka kara ta karya ba, babu mai son sake kashe mata kuɗi bayan an sayar. Google ya yi ƙoƙarin rage wahalar: a 2017 ya raba tsarin da kayan ciki ta wani shiri da ya kira Treble, a 2019 kuma ya fara tura gyaran wasu sassa kai tsaye ta Google Play, shagonsa na sauke manhajoji. Pixel 8 ta Google (2023) da Galaxy S24 ta Samsung (2024) suna da alkawarin sabuntawa na shekara bakwai. Amma waɗannan wayoyin masu hali ne. Mai araha takan samu sabuwar siga sau ɗaya, ko ta ƙare rayuwarta a kan wadda aka sayo ta da ita.

Wani lokaci ma mai manhaja bai taɓa komai ba, sai ƙasa ta zame a ƙarƙashinsa. Shafuka da manhajoji da yawa suna amfani da takardar shaidar tsaro ta kyauta daga wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt. A 2024 wani tsohon tsari da ke sa tsofaffin wayoyi su amince da wannan shaidar ya ƙare, sai wayoyin da ke kan Android 7.0 zuwa ƙasa suka daina gane ta. Manhajar tana buɗewa, data na nan, sabis na nan, amma ba ta iya magana da rumbun bayananta. Mai waya ba zai taɓa sanin dalili ba, zai dai ce manhajar ta lalace.

Wannan ke kai mu ga shawarar da na ɗauka ita ce mafi nauyi a duk sana'ar, kodayake layi ɗaya ce tak a cikin aikin. Kowace manhajar Android tana da wurin da ake rubuta mafi tsufan sigar da za ta yarda ta hau. Ka ɗaga lambar sigar, aikinka ya ragu, kurakurai su ragu, ka samu damar amfani da sababbin kayan aiki. Amma duk wayar da ke ƙasa da lambar ta fita, Google Play ba zai ma nuna mata manhajar ba. WhatsApp da kansa ya yi haka a Oktoban 2023, lokacin da ya daina aiki a kan abin da ke ƙasa da Android 5. Babban kamfani yana da alƙaluman da zai duba kafin ya yanke. Matashinmu kuwa sau da yawa lambar da ya gani a darasin bidiyo yake kwafa, darasin da aka shirya shi don masu amfani da waya a wata nahiya. Bai san ya rufe ƙofa ga manomin Alƙaleri ko mai sayar da hatsi a Toro ba, alhali su ya ce yana yi wa aikin. Daga sama kuma Google Play na matsa masa: duk shekara sai sababbin manhajoji da sabuntawarsu sun dace da sigar Android ta kusa-kusa, in ba haka ba a ƙi karɓa.

Sai kayan cikin wayar. A 2017 Google ya fito da Android Go, sassauƙan tsari don wayoyi masu ƙaramin RAM, wato wurin da waya ke riƙe ayyukan da ke buɗe, a lokacin gigabait 1 ko ƙasa da haka, kuma irin waɗannan suna da yawa a hannun mutanenmu. A irin wannan waya, mutum yana cike fom a manhaja, ya fita ya duba lambar sirri da aka turo masa ta saƙo, kafin ya dawo waya ta kashe manhajar don ta samu wuri, duk abin da ya rubuta ya tafi. Wanda ya gwada aikinsa a waya mai gigabait 8 ba zai taɓa ganin wannan ba. Ɗalibinmu ya ƙara wa manhajarsa alƙibla, sai ya tarar wayoyi masu araha da dama ba su da na'urar kamfas a ciki, kibiyar ta tsaya cak ko ta nuna inda ta ga dama, kuma a sha'anin sallah wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dole ya duba ko na'urar tana nan, idan babu ya gaya wa mutum gaskiya. Kyamara ma haka. Tun bayan ƙarancin takardun naira a farkon 2023 mutane suka koma manhajojin kuɗi, waɗanda da yawansu ke neman ka nuna fuskarka kafin a buɗe maka asusu. Ƙaramar kyamarar gaba, a ɗaki mai duhu, da gilashi mai tsaga, takan sa mutum ya yi ta ƙifta ido yana juya kai ba a karɓa ba.

Akwai wadda ta shafe mu kai tsaye. Mai manhaja ya zaɓi wani kyakkyawan salon rubutu don ƙawata aikinsa, bai duba ko yana ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ ba. A wata wayar, tsarin zai aro harafin daga wani salon, ya fito a karkace amma ana karantawa. A wata kuwa ɗan akwati ne zai fito a tsakiyar kalma. Alamar naira ma takan gamu da haka. Ga kuma dattawa da ke ƙara girman rubutu a saitin wayarsu don idanu, sai maɓallin "Aika" ya gangara ƙasan fuska inda yatsa ba ya kaiwa.

Yadda manhaja ke isa hannun mutane a nan ma daban ne, kuma darussan waje ba sa kawo zancen. Data na da tsada, balle bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025. Don haka mutum ɗaya ke saukewa, sauran su ce "tura min ta Xender." Daga Agustan 2021 Google Play ya wajabta wa sababbin manhajoji wani tsari da ke yanka manhaja gunduwa-gunduwa, ya ba kowace waya abin da ya dace da ƙwaƙwalwarta da fuskarta da harshenta kawai. Dabara ce mai kyau, an yi ta ne ma don maganin rarrabuwar, kuma tana rage nauyin abin da ake saukewa. Amma abin da ya sauka a Infinix ɗin Musa an yanka shi ne daidai ita. Idan ya tura wa mai tsohuwar itel, sau da yawa sai ta ƙi hawa, ko ta hau ta riƙa rufewa. Mai manhaja yana iya ajiye cikakkiya a shafinsa don masu turawa, amma ta fi nauyi, ba ta sabunta kanta, kuma yana koya wa mutane saka manhaja daga wajen shago, hanyar da 'yan damfara ke bi. Kowace ya zaɓa akwai abin da zai rasa.

To yaya ake gwaji? Manyan kamfanoni suna da ɗakuna cike da wayoyi. Akwai kuma hidimomi irin su Firebase Test Lab, inda ake aika manhaja a gwada ta a kan wayoyi na gaske da ke ajiye a cibiyoyin Google. Suna da amfani, amma ba lalle ka tarar da ƙirar da ke hannun maƙwabcinka a jerinsu ba. Ko ka tarar, sabuwa ce a ɗaki mai sanyi, ma'ajiyarta wayam. Ba ta cika da bidiyon biki da karatun malamai har ba sauran wuri ba, ba ta sha zafin watan Afrilu ba, wanda ke sa waya ta rage gudun ƙwaƙwalwarta da kanta don kada ta ƙone, ba ta kuma san sabis ɗin da ke sauka daga 4G zuwa 2G a hanyar Ningi ba. Wayar kwaikwayo da ke cikin Android Studio, manhajar kwamfuta da ake haɗa manhajojin Android da ita, kuwa sai kwamfuta mai ƙarfi, abin da ɗalibai da yawa ba su da shi.

A nan nake ganin ɗan Bauchi yana da abin da injiniyan Kalifoniya ba shi da shi. Wayoyin da wancan zai biya kuɗi ya nema, wannan a gidansu suke. Gani ya kori ji: ya karɓi wayar ƙanwarsa, da ta mai gadin makaranta, da ta mai POS na bakin layi, ya tsaya ya kalli yadda suke taɓa manhajar ba tare da ya ce musu komai ba. Google Play ma, ga sababbin asusun ɗaiɗaikun mutane da aka buɗe daga Nuwamban 2023, yana neman a yi gwaji na kwana 14 da wasu adadin mutane kafin a saki manhaja, da farko 20, daga baya aka rage zuwa 12. Yawancin matasa abokan ajinsu suke tarawa don a cika sharaɗi, duk masu wayoyi kusan iri ɗaya. Da za su zaɓi mutanen nan bisa wayar da ke hannunsu, a samu mai Android Go, da mai tsohuwar Samsung, da mai sabuwar Tecno, da wanda ke zaune inda sabis ke wahala, da sharaɗin da suke gani kamar takura ya zame musu ɗakin gwaji kyauta. Masu gyaran waya ma taska ce da ba a amfani da ita, domin babu wanda ya fi su sanin ƙirar da ta fi yawa a gari da irin ciwon kowace.

Ana yawan ce wa masu koyo su kama kayan aikin haɗa manhaja irin su Flutter na Google ko React Native da Facebook ya ƙirƙira, su rubuta sau ɗaya ta yi ko'ina. Gaskiya ne suna rage aikin rubuta manhaja biyu, ta Android da ta iPhone. Amma ba sa saka wa waya kamfas, ba sa hana tsarin batir kashe manhaja, kuma sukan ƙara mata nauyi. Shafin intanet mai sauƙi yakan fi manhaja isa ga mutane a ayyuka da dama, lambar USSD, wato irin wadda ake dannawa da * da #, kuma ta fi su duka, tunda har mai tocila tana yi. Facebook da duk ƙarfinsa sai da ya fitar da Facebook Lite a 2015 saboda irin wayoyinmu da irin sabis ɗinmu.

Shirye-shiryen horar da matasa, irin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, suna ƙara yawan masu iya rubuta manhaja a jihohinmu, kuma abin farin ciki ne. Ina fata masu koyarwa su sa wannan batu a tsakiyar darasi, a riƙa duba aikin ɗalibi a kan mafi raunin wayar da ke cikin aji. Haka ma hukumomi da makarantu da ƙungiyoyin da ke ba da kwangilar manhajar rajistar manoma ko biyan kuɗin makaranta ko tattara bayanan asibiti. Abin da aka saba shi ne a nuna wa shugaba aikin a babbar wayarsa cikin ofis, ya ga ta yi, a sa hannu a biya. Ma'aikacin da za a tura ƙauyukan ƙananan hukumomi 20 na jihar da wayarsa ta kansa, shi zai kwashi wahalar, kuma shi za a ce bai iya aiki ba. Kamata ya yi takardar kwangila ta faɗi mafi tsufan sigar Android da manhajar za ta hau, da mafi ƙarancin RAM, da iyakar nauyinta, da abin da za ta yi idan sabis ya ɗauke ana tsakiyar aiki, da wanda zai ci gaba da gyara ta idan Google ya canza ƙa'ida baɗi. Ranar karɓar aiki kuma a kira biyu ko uku daga cikin ma'aikatan da za su fita da ita, a gwada a wayoyinsu kafin a sa hannu.